Jam'iyyar Giwa: Ciki, Aure Da Kwanon Tsoho



A cikin wasiƙun da suka taru a teburin nan tun kamawar watan nan, akwai guda uku da suka zo da magana ɗaya, ko da ya ke masu su ba su san juna ba. Ɗaya malamin makaranta ne, ɗaya ɗan kasuwa, na ukun kuwa dattijo ne da ya ajiye aiki. Dukansu sun ce sun ji labarin wata jam'iyya ta ƙasar Amurka mai suna Rifablikan, wai ita ce ta masu tsoron Allah da riƙon al'ada, ba ta yarda da zub da ciki ba, tana girmama aure, saboda haka da mu mutanen can ne, da ita ce tamu. Malamin makarantar har ya ƙara da tambaya, wai me ya hana in yabe ta a filin nan?

To, malam, na gode, ga amsa. Ba ƙiyayya ta hana ni ba, gama ban taɓa jefa ƙuri'a a Amurka ba, ba kuwa zan jefa ba. Abin da ya hana ni shi ne, na bi sawun maganar har inda ta kwana, na tarar abin da a ke ji daga nesa dabam, abin da ke ƙasa dabam.

Manyan jam'iyyun Amurka biyu ne. Ɗaya Dimokurat, alamarta jaki, ɗaya Rifablikan, alamarta giwa. An kafa ta giwar a shekarar 1854, asalinta kuwa abin yabo ne, domin mutanen da suka ƙi yarda bauta ta yaɗu zuwa sababbin yankuna su suka haɗu suka kafa ta. Ita ce ta tsai da Abraham Lincoln ya ci zaɓe a 1860, a hannunsa kuma aka yi yaƙin da ya ƙare da 'yanta bayi. Amma wannan tsohon zance ne. Aƙidar da aka fi saninta da ita tun hawan Shugaba Reagan a 1981 ita ce, Gwamnati ta tsaya a ƙofar gida kada ta shiga, a rage haraji, ko wane mutum ya ɗauki kayansa da kansa.

Wannan aƙida ce, mai sonta yana da hujjarsa. Abin da na ke ƙi shi ne yadda a ke aiki da ita. Hannun Gwamnatin nan da aka ce kada ya shiga gidan kowa, in maganar ɗakin haihuwa ce ko ta igiyar aure, sai ka gan shi ya miƙe har ƙuryar ɗaki riƙe da bulala. In kuwa maganar maganin jariri ce ko tuwon tsoho, sai ya noƙe ya koma aljihu, a ce ai wannan ba aikin Gwamnati ba ne. Hannun nan fa guda ɗaya ne, jama'a. Bari mu bi shi wuri uku mu gani.

Maganar zub da ciki

Kada wani ya ɗauka ina goyon bayan a zub da ciki don ganin dama. Ba na yi, na kuma san mafi yawanku ba ku yi. Amma malamanmu sun daɗe da warware mana wata mas'ala: in aka kai inda ba za a tsira da uwa da abin da ke cikinta gaba ɗaya ba, uwa a ke cetowa, domin ita ce tushe, shi reshe ne. Ku riƙe wannan, za mu bukace shi.

A shekarar 1973 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci, ta ce tsarin mulkin ƙasar ya ba mace iko a kan cikinta a watannin farko, ba jihar da za ta hana. Daga 1976 jam'iyyar giwa ta sa a takardar manufofinta cewa za ta nemi a gyara tsarin mulki don a hana abin a ƙasa duka. Ta yi shekara arba'in tana wannan kira. Gyaran bai samu ba, amma ta samu alƙalai. Ran 24 ga Yuni 2022 alƙalai biyar suka rushe hukuncin 1973. Dukansu shugabannin giwa suka naɗa su, uku daga ciki naɗin Donald Trump ne. Magana ta koma hannun jihohi, nan da nan fiye da jiha goma suka hana zub da ciki tun daga farkonsa.

Mu ɗauki Teksas, jiha mai mutum fiye da miliyan 30. Dokar da ta fara aiki can a 2022 ta ce likitan da ya cire ciki yana iya shan ɗauri har na rai da rai, da tarar da ba ta gaza dala 100,000 ba, a kuma karɓe takardarsa ta aiki. Dokar ta ce in ran uwa yana cikin haɗari, ba laifi. To, amma wa zai ce haɗarin ya kai? Ga mace da cikin wata huɗu, faya ta fashe, likita ya san abin da ke ciki ba zai rayu ba, ya kuma san in aka jinkirta mahaifa za ta harbu. Amma zuciyar ɗan tayin tana motsi tukuna, matar kuwa ba ta fara zazzaɓi ba. In ya yi aiki yanzu, lauya na iya cewa ya yi gaggawa. Sai ya ce mata ta koma gida, in jiki ya yi zafi ta dawo. Ba ƙage na yi ba. A 2023 waɗansu mata sun tsaya gaban kotu a Teksas sun ba da shaidar irin wannan da ya same su, har da wadda sai da cutar ta shiga jininta sa'an nan aka taɓa ta. Sai a 2025 majalisar jihar ta zauna ta gyara lafazin dokar, ta bayyana cewa likita ba sai ya jira mutuwa ta ƙwanƙwasa ƙofa ba. Madalla da gyara, amma shekara uku ke nan ana gwada doka a jikin mata.

Dokar Teksas ba ta keɓe wadda aka yi wa fyaɗe ba, haka ma ta jihohi da dama. A 2022 wani ƙato ya yi wa yarinya 'yar shekara 9 fyaɗe a jihar Ohayo, ta yi ciki. Dokar jihar a lokacin ta hana taɓa ciki in ya wuce wajen mako shida, sai da aka ƙetara da ita jihar Indiyana bayan ta cika shekara 10. Da labari ya fito, waɗansu manyan jam'iyyar suka ce ƙarya ce aka shirya, sai da aka kama mutumin, ya amsa laifinsa, aka ɗaure shi. Ku da kuke da 'ya'ya mata, ku dubi 'yar shekara 10 a gidanku, sa'an nan ku gaya mini ko dokar da ba ta da ƙofa don irinta doka ce ta jinƙai.

Akwai kuma wata dokar da Teksas ta yi tun 2021. Ta ce ko wane mutum, ko da ba abin da ya haɗa shi da matar, yana iya kai ƙarar wanda ya cire cikin ko ya taimaka, in ya yi nasara a ba shi dala 10,000 ko fiye. Watau an mai da leƙen asirin maƙwabci sana'a. Wannan daga jam'iyyar da ke cewa Gwamnati ta tsaya a ƙofar gida!

Yanzu ga inda na fi jin ciwo. An ce ran jariri a ke karewa. To, ga jariri ya faɗo, yana kuka, sai me? A Amurka magani da tsada ya ke, talaka kuwa ya dogara ne ga wani asusun Gwamnati mai suna Medicaid, wanda ke biyan kuɗin haihuwa 4 cikin ko wace 10 a ƙasar. A 2010 aka yi dokar da ta ba jihohi dama su faɗaɗa shi ya kai ga ƙarin matalauta, Gwamnatin Tarayya ta ɗauki mafi yawan kuɗin. Har shekarar 2025 jiha goma sun ƙi, majalisunsu duka a hannun giwa su ke, Teksas da Misisifi na ciki. Misisifin nan ita ce ta kai ƙarar da aka rushe hukuncin 1973 a kanta. Sai a 2023 ta yarda mai jego ta ci gaba da samun magani har shekara guda, a da kwana 60 ne a sallame ta. A 2024 jarirai wajen 10 cikin ko wane 1,000 suka mutu a jihar kafin su cika shekara, har hukumar lafiyarta ta yi shela a 2025 cewa abin ya zama annoba. A ƙasar baki ɗaya, a 2023, mata 18 da ɗoriya cikin 100,000 suka mutu ta dalilin haihuwa, amma a cikin baƙaƙen fata adadin ya kai 50.

Bugu da ƙari, ran 4 ga Yuli 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a wata babbar doka da 'yan jam'iyyarsa kaɗai suka zartar. Ta tabbatar da ragin harajin da aka yi a 2017, ta kuma yanke wajen dala biliyan 900 daga Medicaid cikin shekara goma. Ofishin lissafi na Majalisa, wanda ba na kowace jam'iyya ba ne, ya ƙiyasta mutum miliyan 10 za su rasa inshorar lafiya kafin 2034. Ashe kāriyar daga shigar ciki ce zuwa yankan cibiya?

Su kansu mutanen giwa da yawa ba su gamsu ba. Jihar Kansas rabonta da zaɓen ɗan takarar shugaban ƙasa na jaki tun 1964, amma da aka tambaye ta a Agusta 2022, mutum 59 cikin 100 suka ƙi a ba majalisarsu ikon hanawa. Ohayo ma ta yi haka a 2023. Da jam'iyyar ta ga inda iska ta dosa, sai a 2024 ta cire kiran nan na shekara arba'in daga takardarta, ta ce a bar wa jihohi.

Maganar aure

Na san abin da ya fi jawo hankalin masu wasiƙun nan shi ne maganar auren jinsi ɗaya. Matsayin addininmu a kan wannan sananne ne, ba shi na zo tattaunawa ba. Abin da na ke so ku lura shi ne yadda jam'iyyar ta riƙe maganar. Sau biyu ta kai buƙatar gyara tsarin mulki a kan aure gaban Majalisar Dattawa, a 2004 da 2006, duka shekarun zaɓe, duka kuwa ta san ba ta da ƙuri'un da za su isa. A 2015 Kotun Ƙoli ta halatta abin a ƙasa duka, jam'iyyar ta yi tir a takardarta ta 2016. Da aka zo 2022, dattawanta 12 suka haɗa hannu da na jaki aka yi dokar da ta ƙarfafa shi. A takardar 2024 kuwa sai aka nemi maganar aka rasa. Ko kana ganin matsayin farko ne daidai, ko na ƙarshe, abu ɗaya ya fito fili: tuta ce a ke ɗagawa in tana kawo ƙuri'a, a naɗe ta in ta daina. Wanda ya ba da amanarsa saboda tutar nan, ya dubi hannunsa ya ga abin da ya saura.

Ana can ana wannan jayayya, auren talaka yana ta zubewa. A 1960, cikin ko wane baligi 100 a Amurka 72 suna da aure. A 2010 sun koma 51. A 1960 yara 5 cikin 100 a ke haifa ba da aure ba, yanzu shekaru ke nan abin yana wajen 40. Su wa suka bar aure? Ba masu digiri da albashi mai kauri ba, su har yanzu suna yi, nasu kuwa ya fi daɗewa. Waɗanda suka bari su ne leburori da masu ƙaramin ilmi, mutanen garuruwan da masana'antu suka rufe. Saurayin da ba shi da tsayayyen aiki, kuɗin haya ya fi ƙarfinsa, wa'azi ba zai sa shi ya ajiye iyali ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon nan kuwa talauci ya tsaga shi.

To, me giwa ta yi wa bangon? A cikin ƙasashe masu arziki, Amurka ce ba ta da dokar ƙasa da ta ba ko wace mai jego hutu da albashi. Ko hutun mako 12 ba albashi, Shugaba Bush babba sau biyu yana ƙin sa hannu a kansa, a 1990 da 1992, sai a 1993 Shugaba Clinton ya sa. A 2021 aka ƙara kuɗin tallafin yara ya kai dala 3,600 a shekara ga ƙaramin yaro, ana biyan iyaye wata wata. Ba ɗan giwa ko ɗaya da ya jefa wa dokar ƙuri'a. A shekarar nan talaucin yara ya sauko zuwa kashi 5.2 cikin 100, abin da ba a taɓa gani ba. Da shekara ta ƙare suka ƙi a sabunta, wani dattijo ɗaya na jaki ya bi bayansu, tallafin ya mutu. A 2022 talaucin yara ya koma kashi 12.4. Gaskiya ɗaya ce, a 2019 Shugaba Trump ya sa hannu an ba ma'aikatan Gwamnatin Tarayya hutun haihuwa da albashi, dokar 2025 kuma ta ɗaga tallafin yara zuwa dala 2,200. Amma mai wankin kwanuka a gidan abinci ba ma'aikaciyar Gwamnati ba ce, tallafin kuwa an ɗaure shi da yawan abin da iyaye ke samu, har ya zama mafi talauci shi ke samun mafi ƙanƙanta.

Maimakon gyaran bango, waɗansu rassan jam'iyyar sun koma neman a toshe ƙofar fita. A da, a Amurka, ba a raba aure sai ɗaya ya tabbatar wa alƙali laifin ɗaya, kamar zina ko duka, da shaidu. A 1969 jihar Kalifoniya ta fara dokar rabuwa ba sai an tona laifin kowa ba, wanda ya sa mata hannu kuwa Reagan ne, sa'ad da ya ke Gwamna. Sauran jihohi suka bi. A 2022 reshen jam'iyyar na Teksas ya rubuta a takardarsa cewa a soke wannan. Amma masana biyu, Betsey Stevenson da Justin Wolfers, sun bi lissafin jihohin da suka sauƙaƙa rabuwa, suka buga sakamako a 2006: dukan da a ke yi a gidajen aure ya ragu da wajen kashi 30 cikin 100, matan da ke kashe kansu suka ragu da kashi 8 zuwa 16. Dalili a fili ya ke, mugun miji in ya san ƙofa a buɗe ta ke, ya kan sassauta hannu. Mu da shari'armu ta ƙi saki amma ba ta haramta shi ba, ta kuma ba mace hanyar hul'i da ta zuwa gaban alƙali, bai kamata mu tafa wa mai son ya kulle mace da wanda ke cutarta ba.

Maganar kwanon tsoho

Dattijon da ya rubuto, wannan naka ne, ranka ya daɗe.

Ran 14 ga Agusta 1935, ana tsakiyar matsin tattalin arziki, Shugaba Roosevelt na jaki ya sa hannu a dokar asusun fansho na ƙasa. Ga yadda ya ke aiki a yau: a kan cire kashi 6.2 cikin 100 daga albashin ma'aikaci, mai gidansa ya ƙara daidai wannan, da kuɗin a ke biyan waɗanda suka tsufa, da naƙasassu, da marayu da matan mamata. Kamar adashi ne tsakanin iyaye da 'ya'ya: ka zuba yau, a zuba maka gobe. Mutum kusan miliyan 70 ke karɓa, tsohon ma'aikaci kuwa a 2025 yana samun wajen dala 2,000 a wata bisa matsakaici. A kunnenmu kuɗi ne mai yawa, amma a can haya da magani ke lashe shi. Amfaninsa ba a ɓoye ya ke ba: a 1959 tsofaffi 35 cikin 100 matalauta ne, yanzu sun komo wajen 10.

Tun ran farko akwai masu ƙinsa a cikin giwa. Ɗan takararta na 1936, Alf Landon, ya kira shi yaudara, ya sha ƙasa a ko'ina ban da jiha biyu. Bayansa, a gaskiya, shugabanninta irin su Eisenhower da Nixon sun faɗaɗa asusun, Reagan kuma ya haɗa kai da 'yan jaki a 1983 suka cece shi daga karyewa, da ƙarin haraji da ɗaga shekarun cikakken fansho daga 65 zuwa 67 sannu a hankali. Amma tsohon ƙaiƙayin bai bar ta ba. A 2005 Shugaba Bush ƙarami ya zaga ƙasa yana neman a bar matasa su karkatar da wani kashi na zubinsu zuwa kasuwar hannun jari. Jama'a suka ƙi, ko ƙuri'a ba a kai ga jefawa ba. Bayan shekara uku kasuwar ta rushe, kafin ta tsaya a farkon 2009 ta yi hasarar fiye da rabin darajarta. Ku ƙaddara mutumin da shekarar ajiye aikinsa ta faɗo a wannan lokaci. A 2022 wani dattijonta, Rick Scott, ya kawo shawara ko wace dokar Tarayya ta mutu bayan shekara biyar sai in an sabunta ta, sai da aka yi masa ca sa'an nan ya ce ban da fansho. A 2023 babbar ƙungiyar 'yan giwa a Majalisar Wakilai ta ba da shawara a ɗaga shekarun zuwa 69. Da zaɓe ya matso, takardar 2024 ta yi alkawari ba za a rage ko sisi ba, ba kuma za a taɓa shekarun ba. To, wanne za mu kama?

Ba na musun asusun yana da ciwo. A 1960 ma'aikata biyar ke zuba wa mai karɓa ɗaya, yanzu ba su cika uku ba. Masu kula da shi sun ce a rahotonsu na 2025, ajiyar da aka tara za ta ƙare a 2033, daga nan abin da ke shigowa ba zai biya fiye da kashi 77 cikin 100 ba. Watau in ba a yi kome ba, ko wane tsoho zai wayi gari an yanke masa kusan rubu'in kuɗinsa. Saboda haka alkawarin ba za mu taɓa ba, in ba a haɗa shi da ga inda kuɗi zai fito ba, alkawari ne na a bar rufi ya faɗo. Dokar nan ta Yuli 2025 ma ta ƙara matso da ranar, domin ta rage harajin da wani sashensa ke shiga asusun.

Magani iri biyu ne, ko a ƙara abin da ke shiga, ko a rage abin da ke fita. Na farkon jam'iyyar ta rufe ƙofarsa, gama mafi yawan 'yan majalisarta sun sa hannu a wata takardar alkawari da aka fara yawo da ita tun 1986, cewa ba za su ƙara haraji ba. Alhali ga inda kuɗin ya ke. A 2025, zubin nan na kashi 6.2 yana tsayawa ne a dala 176,100 na albashin shekara, abin da ya haura ba a taɓa shi. Mai share asibiti da ke samun dala 40,000 yana zubi daga Janairu har Disamba. Mai albashin dala miliyan guda kuwa, kafin makon farko na Maris ya ƙare ya gama nasa, abin da ya zuba bai fi kashi 1 da 'yan kai na samunsa ba. Za a ce ai shi ma abin da zai karɓa yana da iyaka. Haka ne. Amma a 1983 zubin yana hawa kan kashi 90 cikin 100 na dukan albashin ƙasar, yanzu ya sauko wajen 83, don arzikin ya taru a sama, inda hannun asusun ba ya kaiwa.

Saura magani na biyu, ɗaga shekaru. Hujjarsu ita ce mutane sun fi daɗewa a duniya yanzu. Su wa? Wani babban bincike da aka buga a 2016 ya nuna, tsakanin mazan da suka fi kowa arziki a Amurka da waɗanda suka fi kowa talauci, bambancin tsawon rai ya kusa shekara 15. Ɗan majalisa mai zama a kujera mai laushi yana iya aiki har 80, waɗansunsu ma suna yi. Amma mai hawa rufin ɗaki, da mai ɗaga marasa lafiya, da direban babbar mota, gwiwa da baya ba su san dokar Majalisa ba. Shi zai ajiye aiki a 62 ko ya so ko ya ƙi, mai karɓa a 62 kuwa tun yanzu kashi 70 cikin 100 kaɗai a ke ba shi har ya mutu. In an ɗaga zuwa 69, lissafi ya nuna ragin wajen kashi 13 ne a kan kowa. Ragi ne aka sa masa wata riga. Wanda ya fi kowa wahalar zubi, shi zai fi kowa gajeren ci.

Abin da na ke so mu ɗauka

Kada malam ya ce na zama maroƙin jaki. Ita ma tana da nata, akwai abubuwan da ta ke yi da ba za su kwanta mana ba, ta kuma sha riƙe mulki ba ta gyara asusun nan ba. Na san kuma a cikin masu bin giwa akwai mutanen kirki, masu tara kuɗi a majami'unsu su sayi kayan jarirai su kai wa matan da ba su da kowa. Ba da su na ke ba. Da shugabannin da ke karɓar ƙuri'arsu na ke, waɗanda in an zo hani su ne kan gaba, in an zo bayarwa a neme su a rasa.

Mu a nan mun san abin da a ke nufi da mai gida. Ba wanda ya iya tsawa kaɗai ba ne. Shi ne wanda in matarsa na naƙuda ya nemo ungozoma ko ya kai ta asibiti, ran suna ya yanka rago, in tsohonsa ya gaza ya kai masa tuwo har ɗaki. Mai tsawa ba cefane, kowa ya san sunan da a ke kiransa da shi a unguwa. Saboda haka in kun ji an ce ga jam'iyyar iyali, a Amurka ne ko a wani wuri, kada ku tsaya ga abin da ta hana. Ku tambaya, mai jego me ta samu, jariri me ya samu, tsoho me ya tarar a kwanonsa?

Wanda ya ga na yi kuskure, filin nan nasa ne, ya rubuto da hujjarsa, za a buga. Allah ya sauki mata lafiya, ya zaunar da ma'aurata, ya rufa wa tsofaffi asiri, amin.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Haza wasalam.